Layin Mujitaba

Yayana Mujitaba ya rasu a ƙarshen bazara, bayan jinyar kwana huɗu. Shi ne ɗan fari a gidanmu, ni Sumayya nake bi masa. Ya bar mata ɗaya, Shamsiyya, shekararsu biyu da aure ba su haihu ba, ya kuma bar kwamfuta mai naɗewa da wasanni sittin da wani abu a cikinta. Na san yawansu ne domin shi da kansa yake faɗa, da irin alfaharin da wani zai faɗi buhunan masarar da ya noma. Shago gare shi a Kwanar Dangora inda yake gyaran waya da kwamfuta, kullum ya tashi ya hawo babur ya dawo gida Kiru.

Wasannin ba a faifai suke ba. Suna cikin wata ma'ajiya ce ta intanet, a akawun ɗinsa, ba mai shiga sai da kalmar sirri. Ma'ajiyar tana da wani tsari da aka yi domin 'yan gida ɗaya: mai akawun zai ɗauki mutum biyar, kowa ya buɗe nasa akawun, ya riƙa buga wasannin mai gida ba tare da an ba shi kalmar sirrin ba. Ni ya fara sakawa, bayan na dame shi da naci. Ya ce mini in ɗauka rumbu ɗaya ne amma kowa da tukunyarsa, wasannin namu ne gaba ɗaya, abin da mutum ya gina a cikinsu kuwa nasa ne shi kaɗai.

Da ya zo kan Shamsiyya sai ta ce atafau. Ita ba baƙuwa ba ce da za a ware mata ɗaki, inda yake shiga nan za ta shiga. Mujitaba, mutumin da yake wuni yana yi wa masu kawo gyara wa'azi kada su ba kowa kalmar sirrinsu ko da uwarsu ce, ya yi dariya ya miƙa mata tasa. Na tsokane shi har na gaji, ko a jikinsa.

Wasa ɗaya take bugawa, na noma. Abin dariya, 'yar manoman Bebeji da ta yi ta murna aure ya raba ta da cirar gyaɗa, ga ta tana noma a kwamfuta. A shekara biyu ita da shi sun gina gona mai shinge, da rijiya, da akurkin kaji, da wani lambu da suka yi mako guda suna musu a kan inda za a sa shi. Har da wata saniya da suka raɗa wa sunana, wai don ba ta jin magana.

Da ta shiga takaba, gonar nan ce ta riƙe ta. Mutanen gida suka yarda a bar mata kwamfutar a cikin rabonta. In na taso daga makarantar firamaren da nake koyarwa, nakan same ta bayan azahar a kan tabarma, ta lulluɓa da mayafi, kwamfutar a cinya. Ba ta shuka sabon abu, ba ta kuma rushe komai. Ban ruwa take yi, ta ba kaji hatsi, ta zagaya shingen, ta rufe. Wasu mata 'yan gaisuwa suka fara ƙus-ƙus cewa mai takaba ce da wasa, na ce musu wadda ta san wani abin da zai sa ta ci abinci ta kawo. Ni dai na lura ranar da ta shiga gonar takan taɓa tuwo, don haka ba na son jin komai.

Ni ce kuma na ɓata abin. Wata biyu da rasuwar, damina ta kankama, tawa tsohuwar kwamfutar ta ƙi tashi. Shamsiyya tana wanka na jawo tata, na fitar da akawun ɗin Mujitaba na shigar da nawa, da niyyar in yi minti goma in mayar. Da na zo mayarwa na kira ta ta sa kalmar sirrin, ta sa daidai. Sai ma'ajiyar ta ce bai isa ba, ta tura lambobi shida zuwa layin wayar mai akawun, a shigar da su kafin minti biyar. Mujitaba ne ya ɗaura wannan tsaron, don ko ɓarawo ya sami kalmar sirri ba zai shiga ba sai wayar tana hannunsa. Tsaron ya yi aikinsa sarai, sai dai mu ya tare a ƙofa.

Na dake. Na ce mata kada ta damu, ai ina cikin iyalin, wasan yana buɗuwa ta wajena. Na buɗe mata shi da akawun ɗina. Sai ga fili fetal, ciyawa da duwatsu, ko shinge babu. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba tamu ba ce," in ji ta.

Ta rufe kwamfutar a hankali, ta tura ta gefe, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

Layin da ake nema yana cikin ƙaramar wayarsa mai madannai, wadda ya fi so don tana kwana uku da caji. Na birkice akwatinsa ban gan ta ba. Innarmu ce ta gaya mini ai tun ranar sadakar bakwai Baba ya bayar da ita. An tara tufafin mamaci da ƙananan kayansa za a yi masa sadaka kamar yadda aka saba, aka tambayi Shamsiyya ta ce to, ba tare da ta ji abin da aka ce ba. Hamman, wani dattijon makiyayi abokin Baba da yake riƙe masa shanu biyu a wajen Doguwa, ya zo ta'aziyya tun daga can. Baba ya haɗa masa babbar riga da wayar.

Na sami Baba a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Ban ko gaishe shi yadda ya kamata ba. Haushin kaina nake ji, amma shi na sauke wa. Na ce yaya za a yi a ba da wayar mutum har da layinta, ba a tambayi kowa ba, ba a duba me ke ciki ba. Na ce yanzu ga shi abu ɗaya da ya rage wa yarinyar nan ya tafi daji. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Malam Ɗayyabu, mahaifina, ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi a ganinsa ka ba mutum waya ba layi kamar ka ba shi guga ne ba igiya, kuma bai san akwai gona a ciki ba. Da gaskiyarsa ya faɗa, ba gatse ba ne.

Muka yi ta kiran layin, wuni biyu, ba ya shiga. Da damina Hamman yakan kora shanu can gindin duwatsun da ke hanyar Riruwai don ya nisanci gonakin mutane, sabis kuma sai an dace. Ko ya shiga ma, Hamman ba ya karanta saƙo. A kwana biyun nan Shamsiyya kunu kawai ta sha, shi ma da magiya.

Rana ta uku Baba ya aika a kira ni. Ya ce ya yi ta tunani, ba zai iya karɓar wayar ba. Sadaka ce ta riga ta fita, ladanta na mamaci ne, ba ya zama shi ne zai je ya ce a dawo da ita. Wannan karon na yi magana a natse, domin na riga na kwana da kunyar abin da na yi masa. Na ce ba wayar muke so ba, lambobi shida ne za su shigo cikinta, a karanto mana su, shi ke nan.

"In an ɗauki lambobin nan, wayar za ta ragu da wani abu?"

Na ce ko kaɗan.

"To ni zan je."

Na so a tura wani cikin samarin unguwa, ya ƙi. Ya ce ba mai gane inda rugar take sai shi, kuma ba ka ba mutum abu sannan ka aiko masa wani ya ce miƙo a duba. In da kunya a ciki, shi ya kamata ya ɗauka. Shekararsa sittin da takwas, ga ciwon gwiwa, ga masararsa tana jiran maimai.

Da la'asar muka aro wayar maƙwabciyarmu Asibi, irin ta Mujitaba ce sak, na zaunar da shi ina koya masa buɗe saƙo. Baba ya san lambobin boko, amma duk rayuwarsa da waya madanni biyu ya sani, kore da ja. Na riƙa tura saƙo yana buɗewa. Yatsansa ya yi wa madannan girma, in ya danna ɗaya sai biyu su amsa. Sau ɗaya ya kunna rediyo, sau ɗaya ya kira surukin Asibi a Tudun Wada, dole ya tsaya suka gaisa har da tambayar ruwa. Na koyar da 'yan aji ɗaya shekara shida ban taɓa samun ɗalibi mai haƙurinsa ba. Da ya buɗe sau biyar a jere ba kuskure, ya cire tabarau ya goge, ya ce a ƙara ɗaya.

Shamsiyya tana jin mu daga ɗaki. Tsakaninta da Baba akwai kunyar surukai, gaisuwa ce kawai a durƙushe, kai a ƙasa. Da na shiga ta riƙe hannuna ta ce in hana shi, wasa ne fa, kada a wahalar da tsoho a kan wasa. Na ce ta fita ta gaya masa da kanta. Na san ba za ta iya ba, shi ya sa na faɗa.

Washegari Baba ya fita bayan sallar asuba. Babur ya kai shi Kwanar Dangora, ya shiga mota ta bi ta Tudun Wada zuwa Doguwa, daga nan wani babur ɗin ya shiga da shi hanyar daji har inda taɓo ya tsayar da su, sauran ya taka da ƙafa. Ni kuwa ban je makaranta ba. Na cika kwamfutar da caji a solar maƙwabta, na ajiye ta a tabarma tsakanina da Shamsiyya, muka zauna muna kallon wayata.

Sai wajen ƙarfe biyu ya kira, muryarsa tana yankewa. Ya sami Hamman. Mutumin ya tsorata da ganinsa, ya zaci wani ne ya sake rasuwa. Da ya ji abin da ya kawo shi, ya ce ai da an aiko, da shi da kansa ya kawo wayar har gida, Baba ya ce wayar tasa ce, ba inda za ta. Tana cikin jakarsa a naɗe da ƙyalle, a kashe, ba ya kunnawa sai zai haska fitila. Ranar kasuwa yake kai ta caji, kasuwa kuma saura kwana biyu. Layi ɗaya na caji ya rage a batirin.

Sannan ga wata matsalar. Wayar Baba da ta Hamman ba kamfani ɗaya ba ne. Ta Hamman ba ta samun sabis sai a kan wani faffaɗan dutse, ta Baba kuma sai a gindin wata ɗorawa da ke ƙasa, tsakaninsu tafiya ce mai ɗan dama. Suka shirya Hamman ya hau dutsen ya ɗaga wayar sama, in ta yi ƙara ya sauko da ita, Baba yana gindin ɗorawa da tabarau yana riƙe da ni a layi.

Na danna a tura. Muka jira. Ina jin kukan shanu da numfashin Baba. Saƙon bai shiga da wuri ba, Hamman kuma ya sauko da tafiyarsa ta dattijo, yana dogara sanda. Kafin Baba ya buɗe ya karanto, minti biyar sun wuce, ma'ajiyar ta ce lambobin sun mutu. Na ciji leɓe don kada bakina ya sake ja mini. Na yi wa Baba bayani, shi kuma ya yi wa Hamman, na ji Hamman ya ce wani abu da Fulatanci ya yi dariya.

Karo na biyu ban san yadda ya sauko ba. Baba ya ce daga baya sandar ma a kan dutsen ya bar ta. Na dai ji takun gudu da haki, sannan muryar Baba tana karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai biya wa yara allo. Shamsiyya ce ta shigar da su da hannunta.

Ta buɗe. Ta shiga wasan, ga shingen, ga rijiyar, ga kajin suna yawo inda ta bar su. Ta sa tafin hannu ta rufe bakinta. Na gaya wa Baba an shiga, ya ce alhamdu lillahi sau uku, ya ce to bari su nemi wuri, hadari ya haɗo daga gabas.

Na ce ya dakata, da saura. Tun jiya na san da wannan, ban dai gaya wa kowa ba. Muddin layin Mujitaba ne a kan akawun ɗin, duk ranar da kwamfutar ta sake fita, sai an sake neman Hamman a daji. In wayar ta faɗa ruwa ko layin ya mutu, gonar ta tafi ke nan har abada. Dole a cire lambarsa a sa ta Shamsiyya, kuma yanzu, domin kafin a cire sai an sake tura wasu lambobin zuwa tsohon layin. Na roƙi Baba ya ce wa Hamman ya ƙara hawa sau ɗaya. Na ji ya faɗa masa, na ji takun yana nisa.

Na buɗe shafin tsaro na juya mata kwamfutar. Ga sunan Mujitaba, ga lambarsa a rubuce a ƙasa, ga tambaya ko an tabbata za a cire wannan lamba. Shamsiyya ta ɗora yatsa a kan madannin ta tsaya. Na ce ta danna, batirin can yana gab da mutuwa. Ba ta motsa ba. Na sake faɗa, da ɗan zafi.

"Ba zan iya ba, Sumayya," ta ce. "Da wannan lambar ya fara kirana. Ko'ina an cire shi. Nan ne kawai ya rage."

Wayata tana kan tabarma a buɗe, na manta na ƙara mata murya, ashe Baba yana ji. Ta cikinta ana jin iska ta fara kaɗa ganyen ɗorawa.

"Ba ni ita," in ji shi.

Na tura mata wayar. Ta gyara mayafinta ta sunkuyar da kai, kamar yana tsaye a gabanta.

"Shamsiyya."

"Na'am, Baba. Ku yi haƙuri, na wahalar da ku."

"Ba ki wahalar da ni ba. Ki cire, 'yata. Ba za ta ɓata ba, tana wurina."

Sai ya fara karantowa. Sifili, takwas, sifili, har ƙarshe, lambobi goma sha ɗaya, ba tsayawa ba gyara. Wayar tana can sama a hannun Hamman, ba abin da yake dubawa. Ina bin su da ido a fuskar kwamfutar, ko ɗaya bai kuskure ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunan Mujitaba ba, saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce "yaron nan" ko "mai shago". Ranar jana'iza ma shi yake ba mutane haƙuri. Ban taɓa tunanin ya riƙe wani abu nasa a ka ba, na kuma ji kunyar rashin tunanin.

Da ya kai ƙarshe ya sake farowa, wannan karon muryar ba ta kai rabin ƙarfinta ba. Shamsiyya tana kuka ba sauti, tana motsa leɓe tare da shi. Kafin ya gama ta danna.

Hamman ya sauko da gudu a karo na uku. Baba ya karanto lambobin shida, ta shigar, ta rubuta tata lambar a gurbin. Wayarta da ke gefen matashi ta yi ƙara, ta ɗauka ta ƙarasa da kanta. Na ce wa Baba an gama, su yi maza su shiga bukka kafin ruwa ya sauko.

Bai amsa ba, bai kuma kashe ba. Ina jin ɗigon ruwa ya fara sauka a kan ganye. Can na ji muryar Hamman kusa da wayar, yana haki, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Zauna, Malam. Zauna tukuna, ruwan bai yi ƙarfi ba."